Shi ne ko ba shi ba ne? Tsohuwar tambayar da ke raba gado, gona da yafiya a yankin Gazawa

Tun daga shekarar 2019, lokacin da hare-haren 'yan bindiga suka fara koro dubban mutane daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, duk wanda ya isa teburin rajista tambaya ɗaya ake fara yi masa: wane ne kai?

Amsar ba ta zo wa kowa da sauƙi ba. Wasu sun baro gida cikin dare da tufafin da ke jikinsu kawai, wasu kuma dama ba su taɓa mallakar takardar haihuwa ba. Maigari da liman da maƙwabtan da za su ce ɗan wane ne, jikan wane ne, duk sun watse, kowa ya kama gabansa.

A watan Maris na 2021, Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce 'yan Najeriya kimanin 77,000 ne ke samun mafaka a jihar Maraɗi. Da yawansu sun fara sauka ne a ƙauyukan bakin iyaka na gundumar Gidan Rumji, kafin a kwashe wasu zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. A wurin rajista ana ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu, a ba mutum lamba.

Na'urar na iya tabbatar da cewa wanda ya zo karɓar abinci yau shi ne wanda aka yi wa rajista bara. Amma ba ta da ta cewa a kan ko shi ne mai gonar da aka baro a Sabon Birni, ko shi ne aka ba amanar shanun marayu, ko kuma yana nan da halin da aka san shi da shi.

Masana falsafa sun shafe fiye da shekara 2,000 suna jayayya a kan wannan batu: me ke sa jaririn da aka raɗa wa suna da tsohon da ke dogara sanda bayan shekara 70 su zama mutum ɗaya, alhali jiki ya sauya, tunani ya sauya, har sunan da ake kiransa da shi ya sauya? A gundumomin Gazawa da Agye da Gidan Rumji, tambayar kan taso ne a gaban alƙali, a fadar maigari da zauren malam, kuma amsarta ce ke nuna wanda zai ci gado, wanda zai biya bashi, da wanda za a yafe wa.

Kututturen da ya ƙi mutuwa

Tsohon marubucin Girka, Plutarch, ya ba da labarin jirgin ruwan wani jarumi mai suna Theseus, wanda mutanen birnin Atina suka adana. Duk katakon da ya ruɓe sai a cire shi a sa sabo, har aka wayi gari masana suka rabu biyu: wasu na cewa jirgin nan ne dai, wasu na cewa wani ne daban.

Manomin Agye ba ya buƙatar jirgin ruwa kafin ya gane wannan gardama. Rumbun da ya gada daga mahaifinsa an sake masa jinka, an sake zana, gara ta ci dirkokin an kafa wasu, amma har yau rumbun Baba ake ce masa. Gulbin Maraɗi, wanda ke bi ta Tsibirin Gobir da Gidan Rumji, kan ƙafe da rani ya dawo da sabon ruwa da damina, ba wanda ya taɓa sake masa suna. Shi kansa birnin Maraɗi, bayan ambaliyar 1945 ta cinye shi a cikin fadama, tashinsa aka yi zuwa kan tudu, ya tafi da sunansa. Sarkinsa kuma har yanzu Sarkin Katsina ake kiransa, fiye da shekara 200 bayan jihadi ya fitar da kakanninsa daga birnin Katsina.

Misalin da ya fi kusa da rayuwar yankin shi ne na itatuwa. A shekarar 1983 wani ɗan ƙasar Ostareliya mai aikin gona a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirrai da manoma ke sarewa duk shekara lokacin sassabe toho ne na tsofaffin kututture, waɗanda saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka zaɓi toho mai ƙarfi aka bar shi, aka rage sauran, cikin 'yan shekaru sai ya zama itace. Dabarar da ake kira sassaben zamani ta bazu, ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye ya yi suna a kanta, kuma masu bincike sun ƙiyasta cewa ta farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar.

To, kalgon da ke tsaye yau a gona, shi ne wanda aka sare shekara 40 da suka wuce, ko sabo ne? Saiwar tsohuwa ce, gangar jiki da rassa kuwa na jiya ne. A da manoma na ɗaukar itacen gona a matsayin na hukuma, tunda jami'an gandun daji ke cin tarar wanda ya sare shi. A watan Yulin 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka da ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya raina a gonarsa.

Daga waɗannan misalai ana iya ganin cewa tambayoyi biyu ne ake yawan cakuɗawa. Ta farko: shi ne? Ta biyu: yana nan yadda yake? Bahaushe kan ce wane ya zama wani mutum daban tun da ya yi kuɗi, amma mai bin sa bashi ba zai fasa zuwa ƙofar gidansa ba saboda haka.

Abin da jiki ke riƙewa

Amsa mafi sauƙi ita ce jiki: matuƙar jikin nan ne, mutumin nan ne. Sai dai likitoci sun nuna cewa jiki ma rumbun Baba ne. Jajayen ƙwayoyin jini kan yi kwana 120 ne a maye gurbinsu, fatar cikin hanji kan sabunta cikin 'yan kwanaki, ƙashi ma kan sake kansa a hankali cikin shekaru. Abubuwa kaɗan ne ke raka mutum tun daga haihuwa, kamar mafi yawan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da tsarin zanen yatsu, wanda ke samuwa tun yaro na ciki. Ko shi zanen yatsun, fartanya da tsufa kan side shi har na'ura ta kasa karantawa.

Kafin zuwan na'ura, askar wanzami ce ke wannan aiki. Bagobiri ana gane shi da zanen kumatu, shida a gefe ɗaya, bakwai a ɗayan. A zamanin yaƙe-yaƙe da kamun bayi, zanen nan ne ke shaida asalin yaron da aka sace ko da ya manta harshen gidansu. Yanzu al'adar na ja da baya, yara da yawa a Tsibiri da Gidan Rumji na tashi da fuska sumul.

Akwai kuma tsohon imani game da ɗan wabi. Idan mace na haihuwa 'ya'yan na mutuwa suna ƙanana, mutanen da kan ce yaro ɗaya ne ke zuwa yana komawa. Akan yi wa jaririn wata alama a jiki, ko a laƙaba masa suna irin su Ajuji ko Ayashe, don a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko ya haƙura ya zauna. A wannan fahimta, mutum ɗaya na iya sake jiki sau uku ko huɗu. Malamai sun yi watsi da wannan ra'ayi, suna cewa kowane rai da ajalinsa kuma ba ya dawowa duniya. Likitoci kuma na danganta irin wannan mace-mace da cututtuka irin su sikila da zazzaɓin cizon sauro da rashin abinci mai gina jiki. Amfanin bambancewar a fili yake: uwar da ta ɗauka yaro ɗaya ne ke yi mata wasa wajen boka za ta nufa, wadda ta san 'ya'ya ne daban-daban da ciwo ɗaya ke kashewa asibiti za ta je a gwada jini.

Idan tunani ya yanke

A shekarar 1694, masanin falsafa ɗan Ingila John Locke ya kawo wata amsar. A ganinsa abin da ke ɗaure mutum da jiyansa shi ne sani da tunawa: iyakar inda tunaninka ya kai a baya, nan ne iyakar kai. Ya ba da misalin yarima da mai gyaran takalmi. Da za a ɗauke tunanin yarima a sa a jikin mai gyaran takalmi, to wanda ke cikin jikin nan yarima ne, kuma shi za a tuhuma da abin da yarima ya aikata. Locke ya ɗauki batun a matsayin na shari'a, wato wa ya cancanci lada, wa ya cancanci horo.

Wani masani ɗan Sikotland, Thomas Reid, ya ƙalubalance shi a 1785 da misalin da za a iya mayar da shi gida kamar haka. Yaro ne a Gangara aka yi masa bulala don ya saci gyaɗa a gonar maƙwabci. Ya girma ya shiga soja, ya yi bajinta a fagen daga, kuma a lokacin yana tuna bulalar. Da ya tsufa yana tuna bajintar, amma ya manta bulalar ƙaf. Bisa ra'ayin Locke, tsohon shi ne sojan, sojan shi ne yaron, amma tsohon ba shi ne yaron ba. Reid ya ce hankali ba zai ɗauki wannan ba.

Duk gidan da ke jinyar tsohon da ruɗewar tsufa ta kama ya san nauyin wannan gardama. Tsohuwar da ba ta gane 'ya'yanta, tana kiran jikarta da sunan ƙanwarta da ta rasu tun tuni, a ma'aunin Locke ta rabu da yawancin rayuwarta. A ma'aunin gidan kuwa Inna ce, abincinta da wankinta da biyayyar da ake yi mata ba abin da ya ragu, gonarta kuma ba a raba ta sai bayan ranta.

Duk da haka, shari'a ta ba hankali muhimmanci. A fiƙihun Musulunci ba a kama yaro da mai barci da mahaukaci da laifi kamar yadda ake kama baligi mai hankali, ko da yake ana biyan ɓarnar da suka yi wa dukiyar wani. Dokar hukunta laifuka ta Nijar ma ta ɗauke hukunci daga wanda ya aikata abu cikin taɓin hankali.

Masu bori sun kai maganar wani wuri dabam. A ƙasar Maraɗi da Gobir, inda Iya da Inna ke shugabantar 'yan bori a fada tun zamanin da, wanda iska ya hau doki ko goɗiya ake kiransa. Abin da ya fito daga bakinsa a lokacin maganar iskan ce, kuma idan ya farfaɗo yakan ce bai san abin da ya faru ba. Masu bincike 'yan Faransa, Guy Nicolas da Jacqueline Monfouga-Nicolas, sun yi rubutu a kan wannan al'ada a yankin tun shekarun 1970. Malaman addini na yaƙar ta, amma ta nuna cewa Hausawa sun daɗe da sanin tambayar ko mai jiki shi ne kullum mai magana. Harshen kansa ya ware kalmomi: akwai jiki, akwai rai, akwai kurwa da ake cewa maye na kamawa, akwai zuciya, akwai hankali da kan gushe ya dawo.

A ɓangaren malaman Musulunci, Ibn Sina, wanda ya rayu daga 980 zuwa 1037, ya kawo misalin mutumin da aka halitta lokaci guda, cikakke, yana shawagi a sarari, idonsa a rufe, gaɓoɓinsa ba sa taɓa juna. Ya ce ko da bai san yana da hannu ko ƙafa ba, ba zai yi shakkar cewa shi akwai shi ba. Da wannan ya kafa hujjar cewa rai ne ainihin mutum. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa masu falsafa raddi a kan batun tashin alƙiyama, ya dage cewa da jiki za a tashi. Amma dukkansu sun haɗu a kan cewa wanda ya aikata shi ne zai amsa.

Suna, dangi da takarda

Masanin falsafa ɗan Najeriya Ifeanyi Menkiti ya rubuta a 1984 cewa a tunanin al'ummomin Afirka da dama, zama mutum abu ne da ake kaiwa gare shi sannu a hankali a cikin jama'a. Masanin Gana Kwame Gyekye ya ce Menkiti ya wuce gona da iri, domin jariri ma cikakken ɗan Adam ne mai haƙƙi. Hausa ta riƙe ɓangarorin biyu. Ana ce wa yaron da ya kama sana'a ya yi aure ya zama mutum, ana ce wa maci amana ba mutum ba ne, alhali ba wanda ke nufin a hana shi gadon ubansa. A 1974 Anthony Kirk-Greene ya wallafa nazarinsa a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, inda ya lissafa halaye goma, cikinsu har da gaskiya da amana da kunya da haƙuri da mutunci. Dukkansu jama'a ce ke auna su.

Sunaye ma haka suke tafiya. Akwai sunan yanka na ranar bakwai, akwai sunan rana irin su Ɗanjuma ko Laraba, akwai laƙabin da uwa ke sakaya sunan ɗan fari da shi saboda alkunya. Wanda aka sa wa sunan kakansa akan kira shi Abba ko Baba, har iyayensa su riƙa jin nauyin ambaton sunan. Daga baya ya zama Malam, ya zama Alhaji, ya zama baban wance. Mutum ɗaya kan ɗauki suna biyar ko shida a rayuwarsa, kuma a ƙauye ba a ruɗewa, domin kowa ya ga lokacin da kowane suna ya zo.

Ofis kuwa suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya ya sani. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa da aka yi a 2012 ya nuna kashi 64 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar ne aka yi wa rajistar haihuwa a Nijar. Dokar rajistar jama'a ta 2019 ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haihuwa. Wanda ya wuce wa'adi sai ya bi ta hannun alƙali, da shaidu, a ba shi takardar hukunci da za ta tsaya a madadin ta haihuwa, shi ya sa ake shirya zaman kotun tafi-da-gidanka a ƙauyuka. Takardun dattawa da yawa ba su da rana ko wata, sai dai a rubuta an haife shi wajajen shekara kaza.

A nan ake samun mutum biyu a jiki ɗaya. Ɗalibin da ƙauye ya sani da suna ɗaya, takardar makaranta ta san shi da wani. Wani an rage masa shekaru don ya samu shiga jarrabawa. Wani an rubuta sunan kawun da ya riƙe shi a gurbin na mahaifinsa. Ba a jin ciwon abin sai ranar neman fasfo, ko fansho, ko rabon gado, lokacin da za a ce mutum ya kawo hujjar cewa shi ne shi. Kuma ko takardar alƙalin, a ƙarshe a kan bakin shaidu ta dogara.

Wanda ya tafi cirani bai dawo ba

Kudancin jihar Maraɗi na cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a Nijar, gonaki sun yi kaɗan, matasa kan tafi cirani Kano ko Legas, Agadas ko Libiya, ko wuraren haƙar zinariya irin na Jado da aka gano a 2014. Wasu kan dawo kafin shuka. Wasu kan yi shiru shekara da shekaru.

Mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a yankin, ta yi wa wannan tanadi, kuma ɗaliban zaure na karanta shi a Risala ta Ibn Abi Zaid. Matar wanda ya ɓace, bayan ta kai ƙara an bincika ba a samu labarinsa ba, za ta jira shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, daga nan ta iya yin aure. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an kai shekarun da ake ganin irinsa ba ya wuce su a raye, wanda malamai da yawa suka ƙiyasta da shekara 70 daga haihuwarsa.

Hukuncin ya raba abu biyu. Idan mutumin ya dawo bayan matar ta yi wani aure har ta tare, shi ne dai, ba wanda ya musa, gonarsa na nan tana jiransa, amma auren ya wuce shi. Kasancewarsa shi bai tsayar wa kowa da rayuwa ba. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Rigimar ta fi zafi a kan gona. A ɗauka wani ya jinginar da gonarsa ya tafi, bayan shekara 30 wani dattijo ko ɗansa ya bayyana da kuɗin fansa a hannu. Wanda ya karɓi jinginar ya rasu, 'ya'yansa sun taso suna ganin gonar ta ubansu ce. Kafin a yi maganar jingina ce ko sayarwa, sai an fara tabbatar da cewa mai da'awar shi ne wanda ya tafi, ko jininsa ne. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye tun daga ƙauye har gunduma don a riƙa rubuta irin wannan ciniki. Inda ba a rubuta ba, sai a nemo tsofaffin da suka halarta, kuma kowace shekara raguwa suke yi.

Hali zanen dutse, ko tuba na kankare shi?

Wurin da tambayar ta fi tsauri shi ne batun tubabbun 'yan bindiga, kuma mutanen da ke zaune a Garin Kaka da Cadakori su ne za ta fi shafa idan ranar komawa gida ta zo.

Gwamnatin Katsina a ƙarƙashin Aminu Bello Masari ta yi sulhu da 'yan bindiga a 2016 da 2019, daga baya gwamnan ya ce sun ci amanarsa. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disambar 2020, ya miƙa makamai a Gusau a watan Fabrairun 2021, ya rantse ba zai koma ba. Kafin ƙarshen watan Afrilu ya koma daji, inda aka kashe shi. Masu cewa hali zanen dutse ne sun samu hujja. A ɗaya ɓangaren, Nijar ta yi wa mayaƙan Boko Haram tayin ajiye makamai a watan Disambar 2016, ta buɗe cibiya a Gudumariya ta jihar Diffa, inda aka koya wa ɗaruruwa sana'a aka sallame su.

Derek Parfit na Jami'ar Oxford, a littafinsa na 1984, ya ce an ba tambayar "shi ne?" girman da ya wuce nata. A ganinsa abin dubawa shi ne ƙarfin alaƙar tunani da buri da hali tsakanin mutumin jiya da na yau, kuma alaƙar na iya yin ƙarfi ko rauni. Idan ta yi rauni sosai, in ji shi, nauyin tsohon laifi ma na iya raguwa. Dokokin da suka samo tushe daga Faransa, irin na Nijar, na da abin da ya yi kama da haka: laifuka da dama na da wa'adin da idan ya wuce ba a gurfanar da mutum ba, ƙarar ta faɗi.

Sai dai matar da aka kashe wa miji, aka kore wa shanu, ba ta da dalilin karɓar wannan lissafi. Hannun da ya harba bindigar shi ne hannun da yanzu ake koya wa ɗinki.

Malaman Musulunci sun bi wata hanya da ta ba kowane ɓangare nasa. Sun yarda mutum na sauyawa, ƙofar tuba a buɗe take, kuma ba a goranta wa wanda ya tuba. Amma sun gindaya sharuɗɗa: barin laifin, nadama, ƙudurin rashin komawa, sannan idan akwai haƙƙin wani a mayar masa ko a nemi yafiyarsa. Wato tuba ta amsa tambaya ta biyu, cewa hali ya sauya. Ba ta taɓa ta farko ba: shi ne ya kore shanun, don haka shi ne zai mayar. Yafiyar kuma ta mai haƙƙi ce, gwamna ko kwamiti ba sa yin ta a madadinsa.

Masu sukar shirye-shiryen sulhun da aka yi a arewa maso yammacin Najeriya sun sha nuna wannan giɓi. An karɓi bindigogi a gaban kyamara, an yi rantsuwa, amma ba a zaunar da mai laifi da wanda aka zalunta ba, ba a kuma lissafa abin da za a mayar ba. An ɗauki sauyin hali, wanda ba wanda ya gani tukuna, a matsayin shafe bashi.

Ga hukumomin Gazawa da Agye da Gidan Rumji, abin da ke hannunsu ya fi wannan sauƙi, kuma ba ya jira. Yaron da aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira yana buƙatar takardar haihuwa cikin kwana 60, da sunan uwa da uba daidai, tun masu shaida na kusa. Jinginar gona na buƙatar rubutu a gaban kwamitin filaye na ƙauye. Kuskuren suna a takardar ɗalibi ya fi sauƙin gyara yana aji uku fiye da ranar da zai nemi aiki. Yaran da aka goyo aka tsallako da su iyaka a 2019 sun riga sun isa shiga makaranta, kuma da yawansu ba su taɓa ganin garin da ake ce musu nasu ba ne.